Ashe Zakin Ma Ciwon Haƙori Yake Yi

Ni dai tun ina ƙarama ba na ƙaunar fim ɗin ban tsoro, amma kuma in an kunna ba na iya tashi, sai dai in rufe fuska da gyale ina leƙe ta gefe. Kwanakin baya ƙanwata ta nace sai mun kalli wani tsohon fim na Amurka, The Ghost and the Darkness, wato Fatalwa da Duhu, wanda ya fito a 1996. Zakuna ne guda biyu suke bin dare suna jan mutane daga cikin tanti. Wallahi daren nan ko alwala sai da na tashi yarinyar ta raka ni tsakar gida, alhali a unguwarmu kare ma ba kasafai ake gani ba, balle zaki.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da na ji wai labarin ya faru da gaske. Shi ne na bi diddigi.

A shekarar 1898 Turawan Ingila suna shimfiɗa layin dogo daga Mombasa zuwa tafkin Biktoriya, a ƙasar da yau ake kira Kenya. Suka turo wani injiniyan soja, John Patterson, ya gina gada a kan kogin Tsavo, da dubban leburori, akasarinsu daga Indiya aka kwaso su. Bai daɗe da isowa ba zakunan suka fara ɓarna. An yi shingen ƙaya, an hura wuta, duk a banza, domin ta cikin ƙayar suke kutsawa su ja mutum ƙiii, 'yan uwansa suna jin ihunsa ba halin taimako. Wata tara ana haka, har leburori suka watse aiki ya tsaya cik. Sai a watan Disamba Patterson ya harbe su, ɗaya ran 9 ga wata, ɗayan bayan kwana 20.

To a nan ne masu fim suka sa nasu gishirin. Maharbin nan da Michael Douglas ya fito a matsayinsa, ba a taɓa yin sa a duniya ba, ƙirƙiro shi aka yi. Zakunan fim masu geza ne buzu-buzu, na gaskiyar kuwa maza ne amma ba su da geza. Uwa uba, an nuna mana su kamar aljanu masu kisa don nishaɗi. Shi kansa Patterson ya ce mutum 135 suka ci. Amma a 2009 masana suka auna gashi da ƙashin zakunan, suka ce abin da suka ci bai fi kamar mutum 35 ba. Kada ki ce kaɗan ne, rai ɗaya ma ai ba wasa ba ne.

Me ya kai su ga naman mutum? Wannan shi ne ya ba ni mamaki. Da aka duba ƙoƙon kan wanda ya fi ɓarnar, sai aka tarar haƙorinsa na fiƙa a karye yake, gindin ya ruɓe ya yi mugunya. Duk wadda ta taɓa kwana da ciwon haƙori ta san ko tuwo mai taushi da ƙyar yake wucewa, ina ga kama ɓauna tana shure-shure? Mutum kuwa ga shi kwance a tanti, ba ƙaho ba kofato. Ga kuma annobar bushiya da ta ƙarar da shanu da ɓauna a waɗannan shekarun, ita ce dai wadda ta kassara garken Fulani a nan ƙasar Hausa. Wasu masana na ganin ita ma ta rage musu abinci. Ba wai ina kare zaki ba ne, Allah Ya tsare, in na gan shi ni ce farkon gudu.

Ni abin da ya sosa min rai mutanen da aka cinye ne. A fim yawancinsu ihu kawai suke yi a ja su cikin ciyawa, sai a koma kan jarumi da matarsa da take can Turai tana jiran haihuwa, mu kuma muna ta addu'a kada ya mutu. Su waɗancan fa? Kowannensu ɗan wata ne, wani ma ya baro amarya a Indiya ya haye teku neman abin sakawa a baki. Cikin na farko da aka kashe akwai wani shugaban leburori, Ungan Singh, wanda Patterson ya ambata a littafinsa na 1907. 'Yan Afirka da aka ci kuwa ko lissafin kirki ba a yi musu ba.

Zakunan su ne suka yi suna. Patterson ya yi shekaru yana taka fatunsu a ɗakinsa, daga baya ya sayar wa gidan adana kayan tarihi na Field da ke Chicago a kan dala 5,000, aka cusa musu kaya aka tsayar da su cikin gilashi. A 2024 ma an tono gashin da ya maƙale a kogon haƙoransu, aka sami na raƙumin dawa, da na jakin dawa, da na mutum.

Ƙanwar tawa yanzu wai Jaws za mu kalla, na kifin nan mai cin mutane da aka yi a 1975. Na ce mata na yarda, amma sai da rana tsaka, kuma ƙofa a buɗe.