Shari'ar Shugaba da Ikon Kotu a Kan Gwamnati

Ranar 24 ga Janairun 1980 jami'an shige da fice suka dira gidan Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman a Maiduguri, suka tasa ƙeyarsa zuwa ƙasar Chadi. Mutumin da aka yi wa wannan aika-aika shi ne shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, jigo a jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim. Takardar korar daga Ministan Harkokin Cikin Gida na gwamnatin Shagari ta fito, hujjarta kuwa wai Shugaba baƙo ne, mahaifinsa ɗan Chadi ne. Jama'a dai sun ɗauka siyasa ce tsagwaronta, domin jam'iyyar NPN ta Shagari ce ke riƙe da gwamnatin tarayya a Legas, Shugaba kuma ya zame mata ƙarfen ƙafa a Borno.

Lauyoyinsa suka garzaya Babbar Kotun Maiduguri. Abin da Mai Shari'a Oye Adefila ya auna shi ne ko minista yana da hurumin yin abin da ya yi. Kundin Tsarin Mulkin 1979 ya tanadi cewa wanda aka haifa a Najeriya kafin 'yancin kai ɗan ƙasa ne, muddin ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan wata al'ummar Najeriya ne ta asali. Asalin uba kaɗai bai isa hujja ba, tunda uwar 'yar ƙasa ce. Sashe na 38 kuma ya hana korar ɗan ƙasa daga ƙasarsa. Alƙali ya soke takardar, ya umarci a biya Shugaba diyya. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara zuwa Kaduna, can ma aka tabbatar cewa korar haramtacciya ce.

Iko biyu ne suka haɗu a wannan shari'a: na kotu ta auna aikin gwamnati da ma'aunin tsarin mulki, da na kotun sama ta sake duba hukuncin ta ƙasa. Na farkon ya samo suna a Amurka tun 1803, a shari'ar Marbury da Madison. Mu a nan a rubuce yake: sashe na 1 na Kundin 1999 ya ce duk dokar da ta saɓa masa ba ta da tushe.

Sai dai alƙali ba shi da bataliya. A 1970 Kotun Ƙoli ta rushe dokar sojan da aka ƙwace dukiyar wani mai suna Lakanmi da ita, gwamnatin Gowon ta mayar da martani da Doka ta 28, wadda ta shafe hukuncin gaba ɗaya. To, wannan soja ne. A mulkin farar hula fa? Ranar 3 ga Maris ɗin 2023, a ƙarar da jihohin Kaduna, Kogi da Zamfara suka fara shigarwa kan canjin takardun naira, Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin takardun naira 200, 500 da 1,000 su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara. Sai ranar 13 ga wata Babban Banki ya sanar da bin umarnin, alhali mutane na kwana a layin cirar kuɗi, 'yan kasuwa na ƙin karɓar tsohuwar naira. Sashe na 287 ya wajabta wa kowace hukuma aiwatar da hukuncin Kotun Ƙoli, bai kuma ba kowa wa'adin kwana goma na yin shawara ba.