Zafin Ƙasa da Zafin Rana a Hidimar Gidaje

A Aisland, tsibirin da ke arewacin Tekun Atlantika, kusan gidaje tara cikin goma suna samun ɗumi daga zafin ƙarƙashin ƙasa, wato zafin da narkakken dutse ke bai wa ruwan da ke kwance a cikin ƙasa. Tun 1930 aka fara jan wannan ruwa ta bututu zuwa wata makaranta a Reykjavik, babban birnin ƙasar, amma tashin farashin mai na 1973 ne ya sa hukumomi suka zage damtse suka faɗaɗa aikin, har ƙona mai domin ɗumama gida ya kusa zama tarihi.

Inda babu wannan baiwa, rana ke cike gurbi, musamman a Sin, wadda ta fi kowace ƙasa yawan bututun gilashin da ake jerawa bisa rufi su zafafa ruwan wanka. Sanyayawa kuwa, wadda ƙasashe masu zafi suka fi buƙata, ta cancanci ƙarin kulawa, domin yanayin zafin ƙasa a zurfin 'yan mitoci ba ya sauyawa sosai, saboda haka na'ura kan kwashe zafin ɗaki ta tura shi cikin bututun da aka binne, sai dai tsadar haƙa tana hana tsarin yaɗuwa.