Mutumin da Muke Ce wa Likita a Ƙauye

A ƙauyenmu, arewa da Dogon Dutsi kan hanyar Matankari, duk wanda ya sa farar riga ya riƙe allura sunansa likita. Sai da na shiga lakwal na yi nisa na gane cewa mutumin da ya ɗinke mini ƙafa, ranar da gatari ya kuɓuce mini wajen faskare, bai taɓa yin karatun likitanci ba. Ma'aikacin jinya ne, kuma shi kaɗai ne a ɗakin shan maganin. Har yau ina ganinsa yana tafasa allura cikin ƙaramar tukunya bisa risho, ya wanke hannu har gwiwa, ya ce wa mahaifiyata, "Inna, riƙe mini kansa, kar ya duba." Ɗinki huɗu ya yi. Kowace safiya kuma sai ya kwance ƙyallen, ya sunsuna ciwon, ya danna gefensa da yatsa ya ga ko ya tara mugunya.

Wannan sunsunawar da dannawar su ne tushen aikin, kuma sun girmi asibiti. Arewa ta daɗe da ungozoma mai yanke cibi, da maɗori, da tsohuwar da ke kwana gefen mai masassara tana ba shi kunu da ludayi. A Madina ma, Rufaida al-Aslamiyya tana da tanti inda take jinyar masu rauni, kuma can aka kwantar da Sa'ad ɗan Mu'azu bayan kibiya ta same shi a yaƙin Khandaƙ.

Abin da ya zo daga baya shi ne makaranta da takardar shaida. Florence Nightingale ta tafi yaƙin Kirimiya a 1854, ta tarar cuta da ƙazanta suna kashe sojojin Ingila fiye da harsashi, ta dawo ta buɗe makarantar jinya a asibitin St Thomas na Landan a 1860. A 1892 aka buɗe makarantar Ballard a birnin New York, inda ake koya wa mata wankan majinyaci, dafa masa abinci da kula da jarirai da tsofaffi cikin wata uku. Daga nan aka samu mataki na biyu a aikin, mai gajeren karatu da yawan aikin hannu. A Amurka har yanzu karatun wajen shekara guda ne, kuma mai shi yana aiki ƙarƙashin babban ma'aikacin jinya ko likita.

Mu namu ya biyo ta wata hanya. A 1905 Faransa ta kafa hukumar kula da lafiyar ƴan ƙasa a yankunan da ta mallaka na Afirka ta Yamma. Likitocin Turawa ƙalilan ne, ƙasa kuwa faɗi gare ta, don haka suka ɗauki samarin da suka iya karatu suka koya musu allura, wanke gyambo da lambar agana. Daga baya makarantar Jamot ta Bobo-Dioulasso ta yaye ma'aikatan da ke bin ƙauyuka suna laluben wuyan mutane don neman ciwon barci. Shi ya sa a wajenmu aikin ya fara da maza, saɓanin Turai. Damouré Zika, wanda duniya ta sani a finafinan Jean Rouch, ma'aikacin jinya ne, kuma sunansa makarantar kiwon lafiya ta ƙasa da ke Yamai take ɗauke da shi. Ƴar'uwarta tana Damagaram.

Yau yaro ko yarinya mai takardar brebe na iya yin shekara uku ya fito ƙaramin ma'aikacin lafiya. Ƙasa da shi akwai masu riƙe ɗakunan shan magani na ƙauye, irin waɗanda Shugaba Tandja Mamadou ya gina wajen 2,000 tun daga 2001, da horon wata shida. Sama da shi akwai majo, shugaban cibiyar lafiya. Bambancinmu da Amurka ga shi a fili: can akwai babba a ɗaki na gaba, nan kuwa babban yana iya zama a asibitin Dutsi ko na Dosso, tsakaninku da rairayi da amalanken jaki.

Tun da aka mayar da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta a 2006, layin uwaye ya ƙara tsawo. Da damina sai ka ga ma'aikaciya guda ta huda yatsun yara tun hantsi har la'asar tana gwajin zazzaɓin sauro, da dare kuma a tashe ta karɓar haihuwa da tocila a baki. Lokacin sanƙarau na 2015, da ya kama sama da mutum 8,000 a Nijar ya kashe sama da 500, yankin Dogon Dutsi na cikin inda ya fi tsanani, kuma waɗannan ƙananan ma'aikatan ne suka fara ganin yaran da wuyansu ya sandare.

Abu biyu ke damuna. Makarantu masu zaman kansu sun yawaita, wasu kuma suna yaye ɗalibi bai taɓa laluben jijiyar jaririn da gudawa ta tsotse ba. Sannan da yawa daga cikin waɗanda suka iya aikin suna shekaru suna yin sa na sa-kai, babu albashi. Wata ƙanwata ta yi haka shekara huɗu, kuɗin kabu-kabu ma mahaifinta ke ba ta.

Ina roƙon hukumomin Dutsi da Tibiri su ɗauki waɗannan yara aiki da albashi, su kuma riƙa tura likita yana zagaya su a kai a kai, yana duba hannunsu yana gyara musu. Ku kuma iyaye, idan jikin yaro ya yi zafi, ku kai shi ran nan, kar ku bari sai ya fara jijjiga.