Yadda Kwamfuta Ke Fito Da Jijiyoyin Zuciya A Hoton Eksire

Jama'a, duk wanda aka taɓa yi wa hoton ƙirji ya san ƙashi ne ke fitowa fes. Jijiyoyin da ke shayar da zuciya jini kuwa ba sa bayyana, domin hasken eksire yana ratsa su kamar yadda yake ratsa naman da ke kewaye da su. Ga su kuma sirara, faɗin manyansu bai cika wuce milimita 3 zuwa 4 ba.

Dabarar ganinsu ta samu ne a 1958 a birnin Cleveland na Amurka, lokacin da rinin hoto ya kwarara cikin jijiyar zuciyar wani majiyyaci bisa kuskure a hannun Dakta Mason Sones, majiyyacin kuma ya tashi lafiya. A yau ana zura siririn bututu ta wuyan hannu ko matsematsi har bakin jijiyar, a tura rini mai aidin, na'ura ta riƙa ɗaukar hoto kamar 15 a kowace daƙiƙa.

To, ina aikin kwamfuta? Hoton yakan fito da hazo, ga inuwar haƙarƙari da ƙashin baya. A ƙarshen shekarun 1970 aka ɓullo da dabarar ɗebewa, wato a ɗauki hoto kafin rini da bayansa, kwamfuta ta cire na farko daga na biyu, jijiya ta rage ita kaɗai. Wannan ta yi amfani ƙwarai ga jijiyoyin kai da ƙafa. Amma zuciya ba ta tsayawa cik, saboda haka hotunan biyu ba sa daidaituwa. Shi ya sa aka koya wa kwamfuta rage hazo, da neman duk abin da ke da siffar bututu, ta bi gefensa.

Daga nan sai awo. Tunda an san kaurin bututun da aka zura, da shi kwamfuta ke gwada faɗin jijiya. Idan wuri ya tsuke da kashi 70 cikin 100, likitoci kan ɗauke shi da muhimmanci, su duba ko magani ya isa, ko a buɗe shi da 'yar ragar ƙarfe, ko a yi tiyata.

Mai karatu, in an tura ka wannan gwaji, ka shaida wa likita idan kana da ciwon ƙoda ko na sukari, domin ƙoda ce ke fitar da rinin. Ka kuma tambaya: kashi nawa jijiyar ta tsuke?