Fitilun Ado Sun Dushe: Ina Laifin Yake?

Ka san ƙananan fitilun nan da ake jerawa a jikin waya ɗaya. Ana rataya su a ƙofar masallaci lokacin Maulidi, da ƙofar gida ranar biki, da bakin shago idan Salla ta matso. Daga Magarya har Dungas ana ganin su. Amma wata rana sai ka kunna, ka ga haskensu ya dushe, ko rabi ya mutu. Kada ka yi saurin jefarwa. Sau da yawa laifin ƙarami ne. Abin da ake so shi ne ka bi shi daki-daki, daga inda wuta ta fito har zuwa ƙwan ƙarshe.

Kafin komai, zare wayar daga wuta. Kada ka taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu. Wutar Nigelec ƙarfinta 220 ne, kuma tana kisa.

Na farko, karanta abin da aka rubuta a kwalin fitilar. To, ga amfanin karatunka nan. Za ka ga lamba tare da harafin V. Idan an sa 220V, ta wutar gari ce ko ta injin wuta. Idan an sa 12V, ta batir ce. Ka soka mai 12V a wutar gari, nan take ta ƙone. Ka haɗa mai 220V da batir, ko ƙyas ba za ta yi ba. Akwai kuma mai 110V ko 120V, irin ta Amurka, da ke shigowa cikin kayan gwanjo. Ita ma wutarmu ta fi ƙarfinta.

Na biyu, duba mafarin wutar. Kunna wani ƙwan lantarki a wurin. Idan shi ma ya dushe, to ba laifin fitilunka ba ne. Bayan magariba kowa ya kunna kayansa, sai wuta ta yi rauni. Wasu kuma da batir da farantin sola suke aiki. Ka tuna, a watan Agusta na 2023 Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba ta maido ba sai watan Maris na 2024. Idan kai ma batir gare ka, kai shi a auna. Mai 12V idan ya cika yana nuna wajen 12,6. Idan ya sauka ƙasa da 12, ya gaji. Goge farantin kuma, domin ƙurar hunturu tana tare masa rana.

Na uku, duba tsawon waya. Ka ga yadda ruwa yake a lambu? Idan hanyarsa siririya ce kuma doguwa, fangalin ƙarshe kaɗan yake samu. Haka wuta take. Idan fitilun farko suna haske sosai, na ƙarshe sun dushe, to wayar ta yi siriri, ko ka haɗa jeri da yawa a kan juna. Matso da batir kusa, ko ka sa waya mai kauri, ko ka raba jerin biyu.

Na huɗu, bi mahaɗai. Da damina ruwa yana shiga inda aka murɗe waya da waya, sai wurin ya yi tsatsa ko ya yi kore. Yanke wurin, fere sabon baki, murɗe da kyau, ka naɗe da baƙin salatif na masu gyaran wuta. Leda ba ta isa ba. Duba ma ko ɓera ya ci wayar. Idan ta batir ce, jar waya ta tafi wurin alamar +, baƙa wurin alamar −. Fitilun LED ba su kamawa idan an juya su.

Na biyar, nemi mataccen ƙwai. Fitilu da yawa an jera su ne kamar mutanen da suka yi layi suna miƙa wa juna bulo wurin gini. Ɗaya ya fita, aiki ya tsaya. Shi ya sa ƙwai ɗaya kan kashe rabin jeri. Nemi wanda ya yi baƙi ko ya fashe. Idan irin mai cirewa ne, musanya shi da irinsa daidai.

Idan ka ji warin ƙuna, ko waya ta yi zafi, ko robarta ta farfashe saboda rana, bar gyara. Kai wa mai gyaran wuta, ko ka sayi wata. Araha ba ta ado. Kada ka ɗaura fitilun wutar gari a ƙofar ƙarfe ko rufin kwano, kuma ka ɗaga su sama inda hannun yara bai kai ba. Idan wuta ta kama mutum, kada ka ja shi da hannu. Kashe wutar tukuna, ko ka ture wayar da busasshen icce.

Biki ya wuce, sauke su, goge ƙura, naɗe su a jikin kwali, ajiye inda ba laima. Baɗi war haka, in Allah ya kai mu, sai dai ka kunna.