Mai Ƙaramin Ƙarfi a Wasan Katin Intanet: Yadda Ake Cin Nasara da Damin Tsaro

Kowane zamani da irin wasanninsa. Kakanninmu sun yi dara a gindin bishiya, mu muka taso da ludo da whot, 'ya'yanmu kuwa ga su da waya a hannu suna karawa da mutanen da ba su taɓa gani ba. Cikin wasannin da suka shigo ta wannan hanya akwai wasan kati na gasa, inda kowane ɗan wasa yake harhaɗa nasa katunan kafin ya shiga fage. Maganar da aka fi yi a kan irin wannan wasa ita ce, wai sai mai kuɗi ke cin nasara. Idan yaro ya gaskata da haka, to kuɗin sabulu da na littafi da iyayensa suka ba shi sun shiga haɗari. Domin wannan muka ga ya dace mu bayyana wa ɗalibai da iyaye yadda wasan yake, da kuma hanyar da mai ƙaramin ƙarfi yake bi ya kayar da mai tsadar kati.

Asalin wasan

Za mu ɗauki misali da wasan da ake kira Magic: The Gathering, gama shi ne uban irin waɗannan wasanni. Wani masanin lissafi ɗan Amurka mai suna Richard Garfield ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin Wizards of the Coast kuma ya fitar da shi kasuwa a shekarar 1993. Da fari katunan takarda ne ake saye a fakiti. A shekarar 2002 aka buɗe Magic Online domin masu kwamfuta, sa'an nan a 2019 aka ƙaddamar da Magic: The Gathering Arena, wanda ya iso wayar hannu a 2021.

Ga yadda ake yinsa a taƙaice. Kowane ɗan wasa yana zuwa da tarin katunansa, waɗanda za mu kira dami. Dami ba ya kasa kati 60, ba a kuma sa kati iri ɗaya fiye da 4, sai dai katunan ƙasa na asali. Kowa yana farawa da makin rai 20 da kati 7 a hannu, yana kuma jan kati ɗaya daga daminsa duk lokacin da juyi ya zo kansa. Katin ƙasa shi ne kamar gona: guda ɗaya ake ajiyewa a kowane juyi, shi ke ba da ƙarfin da ake biyan sauran katuna da shi. Sauran katunan kuwa, waɗansu mayaƙa ne da ke tsayawa a fage su kai hari, waɗansu kuma aiki ɗaya suke yi su wuce. Wanda makin ransa ya kai sifiri, an ci shi. Katunan sun kasu launi biyar: fari, shuɗi, baƙi, ja da kore, kowane launi da halinsa.

Batun tsada kuwa gaskiya ne. Katuna suna da daraja hawa huɗu, daga na gama-gari har zuwa waɗanda da ƙyar ake samu. A shekarar 2024 an sayar da wani tsohon kati guda ɗaya mai suna Black Lotus a kan dala miliyan 3. Amma wannan harkar masu tara kayan tarihi ce. A fagen wasa lissafi dabam ne.

Damin farmaki da damin tsaro

Masu wasa suna da hanyoyi da yawa, amma biyu ne suka fi fitowa fili. Mai damin farmaki yana zuba ƙananan mayaƙa tun daga juyi na farko, burinsa ya gama da abokin karawa kafin ya shirya. Mai damin tsaro kuwa ba ya gaggawa. Aikinsa a farkon wasa shi ne ya tsira: ya hana, ya kawar, ya share, har sai hannun abokin karawa ya zama wayam. Sa'ad da ya ga fage ya lafa, sai ya fito da mayaƙi ɗaya ko biyu masu ƙarfi ya ƙarasa wasan a natse.

Wanda ya yi suna wajen kafa wannan salo shi ne Brian Weissman, a tsakiyar shekarun 1990. Daminsa na shuɗi da fari ne, cike da katunan hanawa da na kawarwa, mayaƙan da ke ciki kuwa ba su wuce Serra Angel guda biyu ba a sanannen tsarinsa. Damin nan yana ɗauke da katuna mafiya tsada na zamaninsa. Amma tunanin da ke ƙarƙashinsa kyauta ne ga kowa, shi ne abin da za mu kira ribar kati.

Ribar kati

Tun da kowa kati ɗaya yake ja a juyi, wanda ya iya sa katinsa ɗaya ya cinye na abokin karawa biyu ko uku, shi ne zai wayi gari da kati a hannu sa'ad da ɗayan ba shi da kome. Bari mu ba da misali. Abokin karawa ya ajiye mayaƙa 3 a fage. Kai kuma ka sa katin shara irin Wrath of God, wanda ke kawar da dukan mayaƙan da ke fage a kan ƙarfi 4. Ka kashe kati 1, shi ya yi hasarar 3, ribarka kati 2 ke nan. Haka kuma katin Divination, ka biya ƙarfi 3 ka ja kati 2: ka ba da ɗaya ka karɓi biyu.

Akwai kuma ribar ƙarfi. Katin Counterspell ƙarfi 2 ake biya masa, yana kuwa hana katin abokin karawa aiki tun kafin ya sauka fage. Idan mutum ya biya ƙarfi 6 domin ya fito da mayaƙinsa mai tsada, kai ka hana shi da ƙarfi 2, sauran ƙarfinka yana nan ka yi wani aiki da shi. A nan ne mai ƙaramin ƙarfi yake samun ƙofa. Katin hanawa ba ya tambayar nawa aka sayi katin da ya hana. Na gama-gari ne shi, amma daidai yake kayar da na dala ɗaya da na dala ɗari.

Haɗa dami da kuɗi kaɗan

Abu na fari shi ne zaɓen filin gasa. A Magic Online akwai sashen da ake kira Pauper, wato na matalauta, inda katunan gama-gari kaɗai aka yarda da su. A can ne Counterspell yake da gida, tare da Mulldrifter, mayaƙi mai tashi sama wanda ke ja maka kati 2 da zarar ya sauka, da Crypt Rats, baƙin kati mai share ƙananan mayaƙa. A Arena kuwa ba a sayen kati daga hannun wani ɗan wasa. Ana ba sabon shiga waɗansu damuna kyauta, ana kuma samun zinariyar wasa ta wurin cika ayyukan kowace rana. Zinariya 1,000 tana buɗe fakiti mai kati 8. Cikin buɗe fakiti ake tara katunan musanya, waɗanda ake mayar da su kowane kati da mutum yake so daidai darajarsu. Waɗannan su ne jarin talaka, kada a kashe su a kan sha'awa. A tuna kuma, a babban sashen gasa na Standard katuna kan yi kimanin shekara 3 ne su fita, bisa ga tsarin da aka kawo a 2023. Wanda ya zuba jarinsa a kan katin da ya kusa fita ya yi shuka a kan dutse.

Abu na biyu shi ne launi. Katunan ƙasa masu ba da launi biyu nan take suna cikin mafiya cin kuɗi a dami. Mai ƙaramin ƙarfi ko dai ya tsaya a launi ɗaya da katunan ƙasa na asali, waɗanda kyauta ne a Arena, ko kuwa ya yi amfani da masu launi biyu na gama-gari, waɗanda sai juyi na gaba suke soma aiki. Wannan jinkiri yana cutar mai farmaki ƙwarai, amma mai tsaro ya fi iya jure shi. Launi uku kuwa da arahar ƙasa, neman wahala ne.

Abu na uku shi ne rabo. Ga misalin da za a iya farawa da shi cikin kati 60: ƙasa 25, na hanawa 8, na kawar da mayaƙi ɗaya 10, na shara 3, na jan kati 8, mayaƙan ƙarasawa 6. Ɗaliban lissafi su gwada wannan: idan ƙasa 25 ce cikin 60, a matsakaici hannun farko mai kati 7 zai zo da kusan ƙasa 3. Idan 20 ce, abin bai kai biyu da rabi ba. Mai tsaro kuwa yana bukatar ya ajiye ƙasa a kowane juyi har zuwa na biyar ko na shida. Har wa yau, katin da aka sa guda 4 a dami, damar ganin aƙalla ɗaya a hannun farko kusan kashi 40 ce cikin 100. Saboda haka gara arahar kati guda 4 da za ka riƙa gani, da mai tsada guda ɗaya da ke kwance a ƙasan dami. Idan akwai 'yan katunan musanya masu daraja, a fara da na shara, gama su ne suka fi wuyar samun madadi.

Dabarun cikin fage

Makin rai ma jari ne. Wanda ya ci wasa da maki 2 daidai yake da wanda ya ci da 20. Sabon ɗan wasa yakan firgita da ƙaramin mayaƙi ya kashe masa kati mai kyau, sa'an nan babban ya zo ya tarar da hannunsa wofi. Gwani yakan bari a ɗan taɓa shi, har abokin karawa ya saki jiki ya zuba mayaƙa uku ko huɗu, sa'an nan ya share su gaba ɗaya. Sai dai a yi hattara da mai jan kati, gama Lightning Bolt guda ɗaya yana cire maki 3 a kan ƙarfi 1. A gaban irin wannan, wanda ya sauko ƙasa da maki 7 ya shiga bakin wuta.

Kada a hana kowane kati. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: idan na bar wannan ya sauka, ina da maganinsa daga baya? In akwai, bar shi ya wuce, ka adana katin hanawa domin abin da ba ka da maganinsa. Haka nan kada ka yi saurin fito da mayaƙin ƙarasawa. Jira har ƙasarka ta isa ka biya shi, ka kuma rage ƙarfin da za ka kāre shi.

A shekarar 1999 wani marubucin wasan mai suna Mike Flores ya jawo hankali ga wani abu: a kowace karawa dole mutum ya gane ko shi ne mai kai hari ko mai tarewa, wanda ya ɗauki matsayin da ba nasa ba kuwa yakan sha kashi. Wannan ya shafi mai arahar dami sosai. Idan ya haɗu da wani mai tsaro wanda katunansa suka fi nasa ƙarfi, dogon wasa ba zai yi masa kyau ba, sai ya canja hali ya matsa da wuri. A gasar da ake yin wasa uku, wanda ya ci biyu ya wuce, an yarda da katunan ajiya har 15 da za a musanya tsakanin wasa da wasa. Arahar kati irin Negate, mai hana duk abin da ba mayaƙi ba, a nan yake nuna amfaninsa.

Abin da ake biya a maimakon kuɗi

Ya kamata mu faɗi gaskiya duka. Damin tsaro yana rage kuɗi, amma yana cin lokaci. Kafin mai tsaro ya gama wasa ɗaya, mai farmaki ya yi biyu ko uku. A Magic Online kowane ɗan wasa yana da agogon minti 25 na dukan karawar, wanda nasa ya ƙare an ci shi ko da shi ne a gaba. A garuruwanmu kuwa, inda wuta kan ɗauke, layin intanet kuma kan yanke ba sallama, dogon wasa yana da haɗarinsa, ga kuma kuɗin data. Ɗalibin da jarrabawar WAEC ke gabansa ya yi wannan lissafi da kyau. Wasan na lokacin hutu ne, shi ma da iyaka.

Kalma ga iyaye da dattawan ikkilisiya

Abu biyu ne za su dami mai bi. Na fari shi ne sunan wasan da zanen da ke jikin katunan, gama akwai dodanni da matsafa a ciki. Wannan damuwa ba a nan ta fara ba. A Amurka ma an yi ƙorafi, har a 1995 kamfanin ya cire wata alamar tsafi daga zanen katin Unholy Strength, ya kuma daina buga katunan aljanu na waɗansu shekaru. Abin da ake yi a wasan ƙidaya ce da dabara, amma iyalin da lamirinsu bai kwanta da zanen ba suna da iko su ce a'a, yaro kuma ya yi biyayya.

Na biyu shi ne kama da caca. Wanda ya sayi fakiti bai san abin da ke ciki ba, zuciya kuwa takan ce a ƙara ɗaya. A shekarar 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi a waɗansu wasannin bidiyo caca ne. Shawararmu ita ce kada a haɗa katin banki da wayar yaro, kada kuma a sa kuɗi a kan sakamakon wasa ko da naira ɗaya ce.

A Luka sura 14 Ubangijinmu ya yi misali da mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya zauna ya yi lissafi tukuna. Ɗalibin da zai haɗa damin tsaro aikin da zai yi ke nan: ya ƙidaya abin da ke hannunsa, ya san abin da zai bari ya wuce, ya jira lokacinsa. Hausawa sun ce mahaƙurci mawadaci. Idan yaro ya koyi wannan a kan kati 60, muna fata ya kai shi ga kuɗin aljihunsa da jadawalin karatunsa. Ubangiji ya ba mu hikima cikin aikinmu da hutunmu duka. Amin.