Nibo mai lamba: a gwada shi kafin a yarda da abin da ya nuna

Idan ruwan Agusta ya sauka a Njamena ko Marwa ko Maraɗi, aikin magini yakan tona kansa. Daɓen da ba a ba shi gangara ba sai ya riƙe ruwa, kwatar da aka karkata baya kuwa sai ta mayar da ƙazanta cikin gida. Saboda haka magina da masu aikin famfo da masu ɗora faifan sola suka fara riƙe ma'aunin daidaito mai nuna lamba a allo, wanda a ƙasashe masu amfani da Faransanci ake kira nibo. Sai dai lambar da ya nuna tana iya zama kuskure idan saitinsa ya goce.

Tsohon nibo da kumfar iska a cikin ruwa yake aiki. Sabon kuwa yana da ƙaramar na'ura a cikinsa, irin wadda ke juya hoto a wayar hannu, tana auna yadda ya karkata daga miƙaƙƙen layin da nauyi ke ja zuwa ƙasa. Faɗuwa ko tsananin zafi na iya gusar da saitinta, allon kuma ya ci gaba da nuna lamba kamar ba abin da ya faru.

Abu na farko shi ne a san da wane awo yake magana. Yawancinsu suna nuna digiri, da kashi cikin ɗari, da milimita a kowace mita. Gangarar kashi 1 na nufin saukar santimita 1 a tsawon mita ɗaya. Digiri 1 kuwa ya kai kusan kashi 1.75, digiri 45 shi ne kashi 100. Wanda aka ce ya ba bututu kashi 2, ya bar nibonsa a kan digiri, zai ba shi kusan kashi 3.5. A tsawon mita 10, saukar santimita 35 ke nan maimakon 20.

Gwajin saiti ba ya cin minti biyu. A samu wuri mai santsi wanda ba ya motsi, kamar daɓen tayil, ko da bai daidaita sarai ba. A share shi, a share gindin nibon, musamman mai maganaɗisu, domin yakan kwashi ɓurɓushin ƙarfe. A ɗora shi, a zana gefensa da fensir, a jira lamba ta tsaya, a rubuta ta. Sannan a juya shi, kan da ke dama ya koma hagu, a mayar da shi cikin zanen. Idan lafiyarsa ƙalau, lamba ɗaya zai nuna, kuma gefe ɗaya na daɓen zai ce ya fi tudu. Idan ya nuna 0.6 da farko, sannan 0.2, gaskiyar tana tsakiya, wato 0.4, kuskurensa kuma digiri 0.2 ne. Kamar ba wani abu ba, amma a mita 10 ya kai santimita 3.5.

Gyaran ma da wannan juyin ake yinsa. A yawancin samfura ana danna maɓallin CAL, a bar nibon ya natsu, a juya shi a wuri ɗaya, a sake dannawa. Tsarin yakan ɗan bambanta, don haka a duba takardar da ta zo da shi. Mai auna bango ko ginshiƙi ya maimaita gwajin a tsaye, inda ake neman digiri 90. Bayan gyara a sake gwadawa.

Kada a rikita CAL da maɓallin ZERO. Shi wannan yana mai da duk wurin da aka ɗora nibon sifili, don a auna kusurwa tsakanin abubuwa biyu. Idan aka manta shi a kunne, duk awon da ya biyo baya daga karkataccen wuri zai tashi.

A wurin aiki, gajeren nibo ɗan wurin da ya taka kawai yake aunawa. Idan daɓe ne ko rufi, a ɗora shi a kan doguwar sandar alminiyom miƙaƙƙiya. Bututun ruwan datti ana yawan ba shi kashi 1 zuwa 2. Faifan sola kuwa, a garuruwa irin su Garwa da Njamena da Damagaram, da ke tsakanin digiri 9 da 14 arewa da layin da ya raba duniya biyu, ana fuskantar da shi kudu a karkata shi kimanin digiri 10 zuwa 15, abin da ke taimaka wa ruwan sama ya wanke ƙurar da ta kwanta a kai.

A riƙa gwada nibo kafin babban aiki, da bayan ya faɗi, da bayan ya daɗe a rana ko cikin mota mai zafi. Mai gida ma yana da damar ya ce wa magini ya juya shi a gabansa kafin a zuba siminti, domin idan ya bushe, gyaran gangara sai an fasa.